Log ɗin fayawol yana ɓacewa duk sanda aka ɗauke kuran, in kunna na komai da komai?

DanAdar_Rezo
Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da aiki. Shawarar manya nake nema. Ni ke kula da rezon wani ƙaramin asusun ajiya da bashi a nan Tawa, ma'aikata ba su kai 40 ba, da reshe guda a Illela. Fayawol ɗinmu, wato na'urar da ke tsaron ƙofar rezo, FortiGate 60F ne. Darakta ya kira ni yana son sanin wa ya shigo rezon ofis daga waje ranar Juma'a da dare, don mai lissafin kuɗinmu ta ce ta tarar an taɓa wani fayil. Na buɗe log, wato rajistar da na'urar ke rubuta abin da ya faru, abin da ke ciki bai wuce na safiyar yau ba. Da asuba an ɗauke kuran, batirin ondilar bai riƙe ba, na'urar ta mutu ta sake tashi.
Tambaya biyu gare ni. Akwai hanyar maido da na Juma'a? Sannan ni a ganina gara in kunna log na komai da komai, kowace dokar fayawol ta halatta ko hana wucewa, kowane mataki, kada a sake tambayata in tsaya ina sosa ƙeya. Mi kuka gani?

Mai_Kebul
Wa alaikumus salam. Na Juma'a ya tafi, ka haƙura. 60F ba shi da faifan ajiya a ciki, ɗan uwansa 61F ne mai SSD. Naka a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake rubutawa, kuran na tafiya komai ya goge. Ko kuran bai tafi ba ma, wurin ɗan kaɗan ne, sabon layi na ture tsoho. Ba lalacewa ya yi ba, haka aka ƙera shi.

Tsohon_Plateau
Ƙanena, ko da mai faifai gare ka ba zan bar ka ka dogara da shi ba. Littafin mai gadi ba a ajiye shi cikin ɗakin da ake tsoron a fasa. Wanda ya samu kalmar sirrin mai kula da na'ura, abin da zai fara yi shi ne share sawunsa, kuma umarni ɗaya ya ishe shi. Don haka log ya fita daga na'urar a daidai lokacin da aka rubuta shi, ya sauka kan wata kwamfuta dabam mai kalmar sirri dabam.
Hanyar tsohuwa ce, sislog. Eric Allman ya ƙirƙiro ta tun shekarun 1980 don manhajarsa ta Sendmail, har yau kusan duk na'urar rezo na jin yarenta. Samo tsohuwar kwamfuta ko da ta sakatariya ce da aka ajiye, sa mata Debian ko Ubuntu da rsyslog, manhajar da ke karɓar log, ba ta adireshin da ba ya canzawa. A kan fayawol kuma:
config log syslogd setting
set status enable
set server "192.168.10.5"
set port 514
end
Adireshin misali ne, sa naka.

YarBilbis
Baba Tsohon_Plateau ya faɗi rabi. Ɗaya rabin a kan sabar yake: rsyslog ba ya sauraron rezo sai ka buɗe masa. Cikin /etc/rsyslog.conf akwai layuka biyu da aka toshe da alamar #, na module(load="imudp") da na input(type="imudp" port="514"). Cire alamar, sake tada shi. In ufw, fayawol ɗin sabar kanta, na aiki ka buɗe ƙofa 514 ga adireshin fayawol kaɗai, ba ga duk ofis ba. Mutane da yawa a nan suke maƙalewa su yi ta zargin kebul.

DanAdar_Rezo
Na gode Baba, na gode Hajiya. Akwai wata kwamfuta a magaza tana shan ƙura, zan fiddo ta. Amma ba ku taɓa tambayata ta biyu ba.

Mai_Kebul
Kunna komai. Faifai ya yi arha yanzu. Abin da ba ka rubuta ba, ranar da ake nemansa ba ka da inda za ka samo shi.

Sarkin_Wifi_Konni
A'a yaya, ban yarda ba. "Komai" ɗin nan har da mataki na 7? Ku bari in tuna wa masu karatu ba sa magana: matakan sislog takwas ne, daga 0 zuwa 7. 0 na'ura ta tashi daga aiki, 1 a ɗauki mataki yanzu, 2 matsala mai tsanani, 3 kuskure, 4 gargaɗi, 5 sanarwa, 6 bayani, 7 na masu bin diddigin matsala. In ka zaɓi lamba, za ka samu nata da duk na ƙasa da ita. Mai zaɓen 7 a kan na'urar da ke aiki, shi ya ja wa kansa. Ana kunna shi na ɗan lokaci ne, a gano abin da ake nema, a kashe.

Mai_Kebul
Wa ya ce 7? Ina nufin kowace doka ta riƙa rubuta zirga-zirgarta. Mataki na 6 ya isa.

Tsohon_Plateau
Nan kam Mai_Kebul na da gaskiya, kuma akwai tarko biyu a FortiGate da ya kamata yaron nan ya sani. Na farko, in ka ƙirƙiri doka, zaɓin asali shi ne ta rubuta abubuwan tsaro kaɗai, wato sai an kama ƙwayar cuta ko an toshe wani shafi. Haɗin da ya wuce lafiya ba ya barin sawu. Sai ka shiga dokar ka sa set logtraffic all. Na biyu, log ɗin zirga-zirga galibi a mataki na 5 yake fitowa. Mutum ya ce shi gargaɗi kaɗai yake so ya sa matatar a kan 4, sai ya zauna yana jira, sabar shiru.
Ƙari a kai: na'urar tana rubuta layin ne in haɗin ya ƙare, ba sa'ad da ya fara ba. Haɗin da ya daɗe a buɗe yana iya ɗaukar lokaci bai bayyana ba. Ga dokoki masu muhimmanci, irin wadda ke kai wa sabar lissafi, sa set logtraffic-start enable. Ban ce ga duka ba, don layukan za su kusan ninkuwa.

Injiniya_Yantala
Ku yi lissafi kafin gardama ta yi nisa. Mu ɗauka na'ura na fidda layi 50 a daƙiƙa, kowane layi bait 500. Bait 25,000 ke nan a daƙiƙa. Daƙiƙa 86,400 ke cikin kwana, ya ba ka gigabait 2 da ɗoriya kullum, shekara ta doshi gigabait 800 in ba a matse ba. Rubutu ne zalla, manhajar matse fayil ta gzip na rage shi sosai, don haka faifan terabait 1 ba zai ji komai ba. Ofishin mutum 40 da wuya ma ya kai layi 50 ɗin da rana, balle da dare. Wurin ajiya ba shi ne damuwa ba. Damuwar ita ce wa zai karanta.

Sarkin_Wifi_Konni
Yauwa! Abin da nake nufi ke nan. Ka kunna log a kan dokar ƙarshe, wadda ke hana duk abin da ba a halatta ba, ka kalli gefen intanet na minti goma. Na'urori daga ko'ina a duniya na ƙwanƙwasa ƙofa 22, 23, 445, 3389, ba dare ba rana. Ba kai suke nema ba, kowa suke gwadawa. An hana su, magana ta ƙare. Layukan nan su ne ke binne layi ɗaya da ke da amfani.

YarBilbis
Na yarda da kai a gefen waje. Amma gefen ciki fa? Kwamfutar kashiya ta tashi tana ƙwanƙwasa 445 na kwamfutocin wani ɓangaren rezo, ko tana neman fita ta ƙofar da babu mai amfani da ita, a layin hani kaɗai za ka gani. Ni abin da nake yi: kafin dokar ƙarshe ina sa tawa dokar hani daga ciki zuwa ko'ina, da log a kunne. Na waje in bar shi ya faɗa ta ƙarshe shiru.

Mai_Kebul
Ranar da aka fasa ku daga waje za ku so ganin tun yaushe ake ƙwanƙwasawa.

YarBilbis
Wanda ya fasa ai ta ƙofar da aka buɗe masa ya shigo, yaya. Yana cikin log ɗin dokar da ta bar shi.

Bukoki_227
Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Ni na'urar rezo ta MikroTik nake aiki da ita a wata makaranta a Yamai. Duk wannan ya shafe ni?

Sarkin_Wifi_Konni
Ƙwarai. Naka layi 1000 yake riƙewa a ƙwaƙwalwa in ba ka canza ba, shi ma kuran na tafiya ya tafi. Cikin /system logging action ka gyara na remote ka sa adireshin sabar, sannan cikin /system logging ka tura batutuwan da kake so can. A dokar fayawol sai ka sa log=yes da log-prefix, ɗan suna gajere da zai sa ka gane dokar da ta yi magana. Kada ka ce zai riƙa rubuta zirga-zirga a ma'ajiyarsa ta ciki, ƙarama ce kuma yawan rubutu na cinye ta.
Sai agogo. Yawancin ƙananan nan ba su da batirin agogo, in ba NTP, wato hanyar daidaita agogo ta rezo, za ka iya ganin log na cewa abu ya faru a Janairun 1970.

Tsohon_Plateau
Allah shi yi maka albarka da ka taɓo agogo, da shi ya kamata mu fara. An taɓa kirana wani ofis a nan Yamai, ana zargin wani yaro da fitar da takardu. Aka kawo log ɗin fayawol, aka kawo na sabar fayiloli, aka kawo hoton kamarar bakin ƙofa. Uku ɗin kowa da lokacinsa. Fayawol na gaba da awa guda, kamara na baya da minti ashirin da wani abu. A agogon wannan yaron na zaune kan kujerarsa, a na wancan ya riga ya hau kabu-kabu ya tafi gida. Na ce musu ni ba zan sa hannu a takardar da za ta raba mutum da abincinsa a kan haka ba.
Nijar na gaban UTC, agogon ma'auni na duniya, da awa 1, kuma ba mu canza agogo rani ko damina. Sabar Linux da aka girka ba a zaɓi Africa/Niamey ba sau da yawa a UTC take zama, ga awa gudan nan ta fito. Duk na'urorin ofis su sha daga NTP guda, ƙofa 123 ta UDP, har da kamara da injin ɗaukar yatsa.
Wani abu kuma: tsohon tsarin sislog, na RFC 3164 da aka rubuta a 2001, ba ya sa shekara ko yankin lokaci a layinsa. Wata, rana, awa, shi ke nan. Na RFC 5424 da ya fito a 2009 ya gyara wannan. In na'urarka ta ba ka zaɓi, ɗauki sabon.

Injiniya_Yantala
Ni dai komai a UTC nake barinsa, in zan ba shugaba rahoto in ƙara awa guda da kaina.

DanAdar_Rezo
Injiniya, darakta na zai tsaya a kaina ne yana kallon allo. In ya ga ƙarfe 8 alhali ya san ƙarfe 9 ne, bayanin zai fi aikin tsawo. Zan bar na gida.
Na girka sabar, na yi abin da Baba da Hajiya suka ce, amma fayil ɗin ba komai ciki.

YarBilbis
A kan sabar: tcpdump -ni any port 514, zai nuna maka abin da ke isowa ƙofar. A kan fayawol: diagnose log test, zai fidda layukan gwaji. In tcpdump ya gan su, matsalar rsyslog ce ko ufw. In bai gani ba, ba su baro fayawol ba, ko sun bi wata hanya, sai ka duba set source-ip.

DanAdar_Rezo
Sun shigo, Hajiya! Sai da na sake tada rsyslog. Amma kowane layi a tcpdump na farawa da lamba kamar <189>, mi ke nan?

Injiniya_Yantala
Lamba biyu aka haɗe. FortiGate na aikowa da rukunin local7, lambarsa 23. A ninka da 8, 184. A ƙara matakin layin, 5, ya zama 189. Fayawol ɗin Cisco ASA da local4 yake zuwa, lamba 20, don haka layin bayani nasa <166> ne. Amfaninta gare ka shi ne ka ce wa rsyslog duk abin da ya zo da local7 ya zuba shi a fayil nasa dabam, kada ya cakuɗe da na sabar kanta.

Mai_Kebul
Tunda ya fara aiki, mayar da shi daga UDP zuwa TCP, hanyar aikawa da ke tabbatar an karɓa. UDP jefawa kawai yake yi, ba ya tambayar ko an karɓa. Sabar ta mutu awa biyu, log ɗin awa biyu ya bi iska kuma babu mai gaya maka. set mode reliable.

Tsohon_Plateau
A hankali dai. Ga mai FortiGate babu laifi. Amma akwai masu ASA a cikinmu, kada su ji su je su kwaikwaya. A ASA in ka zaɓi TCP sabar log ta faɗi, na'urar na daina barin sabon haɗi ya wuce. Da gangan aka yi shi haka, don wuraren da suka gwammace aiki ya tsaya da a wuce ba a rubuta ba. Ka ga ofis gaba ɗaya ba intanet saboda tsohuwar kwamfuta ta mutu a lungu. Maganinsa layi guda ne, logging permit-hostdown. Kuma ku sa logging timestamp, in ba haka ba layin zai fito ba lokacin na'urar a jikinsa.
Sabar tana ɗaki ɗaya da fayawol a kan suwic guda, UDP ba ya cika zubar da komai. Inda nake dagewa shi ne in log zai ratsa intanet: ko ta cikin ramin VPN, wato rufaffiyar hanya tsakanin rezo biyu, ko a lulluɓe shi da TLS a ƙofa 6514. Sislog tsirara yake tafiya, sunayen ma'aikata da adireshinsu duk a fili.

Gyara_Sola_Tawa
Ni ba ɗan rezo ba ne, batir da fanno nake haɗawa, amma ku bari in sa baki. DanAdar, sabar nan a ina ka jona ta? In kan ondilar da ya kasa riƙe fayawol ne, ka ƙara masa kaya ke nan. Zafin Afrilu da Mayu a garin nan na kashe batirin ondilar da wuri, musamman wanda aka kulle a kabad ba iska. Canza batir, ka shiga BIOS na kwamfutar ka sa ta tashi da kanta in kuran ya dawo. Ka hure mata ƙura kuma, tunda daga magaza ta fito.

DanAdar_Rezo
Malam ka yi gaskiya, a kansa take. Na rubuta takardar neman batir, saura sa hannu.

Bukoki_227
"Saura sa hannu." Allah ya ba ka haƙuri 😂

Hajiya_Doka
Sannunku da ƙoƙari. Ina bin ku tun farko, akwai abin da ba wanda ya ambata. Log ɗin da kuke cewa a kunna na komai, a cikinsa akwai shafin da kowane ma'aikaci ya buɗe, da lokacin, da wayarsa in ta hau wifi na ofis. Wannan bayanan mutane ne. Muna da doka a kai, ta 2017 wadda ta 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022 ta maye gurbinta, kuma dokar ta ɗora sa ido a kan HAPDP, hukumar kare bayanan mutane. Ƙanena, a rubuta wa ma'aikata takarda su san ana ajiye wannan da dalilin ajiyewa, a fayyace wa ke da izinin dubawa, a yanke tsawon lokacin da za a riƙe. Yau darakta na tambayar wa ya taɓa fayil, wannan hurumin aiki ne. Gobe zai ce ka nuna masa abin da wance ke kallo da tsakar rana. In babu takarda, kai ne a tsakiya.

Sarkin_Wifi_Konni
Hajiya ta ƙara mini hujja. Rubuta abin da kake buƙata kawai.

Mai_Kebul
Ba ta ce kada a rubuta ba, ta ce a tsare shi. Tsawon lokaci kuma, masu harkar katin banki ƙa'idar PCI DSS ta ɗora musu wata 12, na wata 3 na ƙarshe ya kasance a hannu nan take. Ko ba ta hau kanku ba, ma'auni ne mai kyau. Ku duba logrotate, manhajar da ke juya tsofaffin log a kan sabar, don tsarinsa na asali ƴan makonni yake riƙewa ya share sauran.

Injiniya_Yantala
Mu koma kan Juma'ar nan, don an bar yaron da tambayar darakta. Fayawol ko da log ɗinsa na nan ba zai ce maka wa ya taɓa fayil ba. Iyakarsa ya ce wane ya shigo ta VPN ƙarfe kaza, ya je sabar kaza. Fayil ɗin a ina yake? In sabar Windows ce, log ɗinta na tsaro a faifai yake, kuran bai goge shi ba. Nemi lamba 4624 na daren, shi ne shiga da ta yi nasara, yana nuna sunan mai shiga da adireshin da ya fito. In adireshin na tsakanin 10.212.134.200 da 210 ne, to daga SSL VPN ɗin FortiGate yake, waɗannan ne yake rabawa in ba a canza ba. Taɓa fayil kansa 4663 ne, amma sai in an riga an kunna sa ido a kan jakar. Yi sauri, shi ma in ya cika tsoho yake turewa.

Tsohon_Plateau
In ka ga an shiga da sunan wani, kada ka yi saurin kai sunansa gaban darakta. A 2021 an watsa kalmomin sirrin VPN na na'urorin FortiGate kusan 87,000, an kwashe su ne ta wata kafar tsaro mai lamba CVE-2018-13379 a na'urorin da ba a sabunta ba, kamfanin da kansa ya tabbatar. Suna a log yana nuna asusun da aka yi amfani da shi ne, ba hannun da ya buga ba. Ka ajiye log ɗin DHCP, mai raba wa kwamfutoci adireshi, shi ma, don adireshi 192.168 kaza na yau ba lalle na mutum ɗaya ne da na makon jiya ba.

DanAdar_Rezo
Na duba. Akwai 4624 a daren, amma adireshin na cikin gida ne, ba na VPN ba. Na kwafe log ɗin na ajiye gefe. Sauran bayani ba na nan ba ne, ku gafarce ni.
Abin da na yi zuwa yanzu: mataki na 6, duk dokoki na rubutawa, hani daga ciki a kunne kamar yadda Hajiya YarBilbis ta ce, na waje a kashe. Na sa ya aiko mini imel in an kasa shiga asusun mai kula ko an canza saiti. Na reshen Illela ne ban taɓa ba, layinsu ba shi da ƙarfi.

YarBilbis
Na Illela aiko da abubuwan da suka faru da na'urar kaɗai ta cikin ramin VPN: shiga, canjin saiti, faɗuwar layi. Zirga-zirgar da ta zo hedikwata ai naka na nan zai rubuta ta.

Mai_Kebul
Wadda ta fita intanet kai tsaye daga reshen fa? Ita ba mai ganinta ke nan. Kuma har yanzu ban sauka daga maganar hani na waje ba.

Sarkin_Wifi_Konni
To yaya, mu daina ja da baki. DanAdar, kunna masa na wajen kwana ɗaya cur, set fwpolicy-implicit-log enable a ƙarƙashin config log setting. Gobe ka buga wc -l, mai ƙirga layuka, a kan fayil ɗin jiya da na yau, ka turo mana lambobin biyu da girman kowanne.